Motocin bikin ƙanwata: daga Kano zuwa Agege, daga Agege zuwa Lekki

Lahadi, 28 ga Satumba

An tsayar da rana. Ɗaurin aure Juma'a 21 ga Nuwamba bayan an sauko masallaci, nan Agege. Asabar walima a wani ɗakin taro a Lekki, zaɓin dangin ango. Lahadi a kai amarya Ajah, inda angon yake zaune. A falon Baba aka raba aiki: Gwaggo ta ɗauki girki, matar Yaya ta ɗauki anko da kayan ɗaki, ni kuma aka ɗora min motoci, wai na iya ciniki. Na karɓa da sharaɗin a ba ni Auta ya riƙa yi min zirga-zirgar tasha.

Dangin ango sun so Disamba saboda hutun makaranta. Baba ya ce a'a, kuma ina bayansa. Duk wanda ya zauna garin nan na Legas ya san Disamba: 'yan ƙasar waje sun dawo, kowace Asabar biki, masu haya sun ninka kuɗi, hanyar Lekki kuwa ba a cewa komai. Mun kuma kauce wa makon farko na wata, domin Juma'ar farko akan yi babban taron ibada na dare a sansanin cocin Redeemed da ke kan titin Legas zuwa Ibadan, kuma ta nan baƙinmu za su bi. Ruwan sama ma ya ja baya zuwa lokacin.

Yawancin baƙin daga Kano ne, namu da na ango. Akwai 'yan Zariya, akwai dangin Mama na Sabo a Ibadan, sai na cikin gari: Idi-Araba, Mile 12, Obalende.

Laraba, 1 ga Oktoba

Hutu ne, na buɗe zauren WhatsApp na ce duk mai zuwa daga Arewa ya rubuta sunansa da na duk wanda zai taho da shi, har goyo. Zuwa dare suna 43.

Asabar, 4 ga Oktoba

Na daɗe a waya da Kawu, wanda ya yi shekaru yana rako shanu daga Arewa zuwa mayankar Oko-Oba. Tafiyar kilomita 1,000 ce ko sama da haka, ya danganta da inda aka bi. Ko dai daga Kaduna a yanka ta Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, a haye gadar Jebba, a bi Ilori da Ogbomosho da Oyo zuwa Ibadan. Ko kuma a miƙe Abuja, Lokoja, Okene, Owo, Akure, Ife, a fito Ibadan. Ta farko ta fi kusa. Kawu bai bari na ƙarasa tambayar ba.

"Da mata da tsofaffi? Ki bar maganar Birnin Gwari, 'yar nan. Lokoja za su bi, ko da tafiyar ta fi tsawo."

Baba da ke gefe ya shiga labarin jirgin ƙasa, yadda ya fara zuwa Legas yana saurayi, ya hau a Kano ya sauka Iddo. Layin ya isa Kano tun 1911, kuma shi da fataucin goro ne suka tara Hausawa a Agege. Amma yanzu sabon layin guntu-guntu ne: Abuja zuwa Kaduna tun 2016, Legas zuwa Ibadan tun 2021, tsakaninsu babu. Ga 'yan Kano dai jirgin ƙasa ya fita daga lissafi. Ga 'yan Sabo kuwa ya zama alheri, su hau a Moniya su sauka tashar Agege, nan kusa da mu. Na cire su daga jerin masu buƙatar mota.

Sauran zaɓi: jirgin sama ga kowa, wanda ko a mafarki kuɗinsa ba zai fito ba, ko a sayi kujeru a laksarin Sabon Gari, ko a yi shatar mota sukutum. Laksarin haya da yamma take tashi ta kwana tana tafiya. Baffa, wanda shi ne waliyyi, ya aiko da saƙo daga Kano cewa iyalinsa ba za su yi tafiyar dare ba. Maganar ta ƙare a nan. Shata za a yi, a tashi bayan asuba, a kwana Lokoja, a ƙarasa washegari.

Talata, 7 ga Oktoba

Suna 58. Wata 'yar'uwar Mama ta rubuta "ni da yara", na kira ta, ashe yaran biyar ne, babbar cikinsu tana da aure.

Asabar, 11 ga Oktoba

Cinikin babbar mota. Ƙanin ango ne ke yi a Kano, ina kan layi. Na so homa guda huɗu don ko ɗaya ta lalace sauran su wuce, amma da aka lissafa direba huɗu, mai huɗu, ga matsin ƙafa ga tsofaffi na yini biyu, sai laksari ɗaya mai kujera 50 da 'yan kai ta fi sauƙi, kuma tana da rumbun kaya a ƙasa. An fara da naira miliyan 5 da dubu 200 zuwa da dawowa. Suka ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi. Na ce motarku man gas (dizal) take sha, shi kuwa an daɗe da sakin farashinsa. Manajan ya yi dariya ya ce, "Hajiya, taya da kayan gyara ai dala suke bi." A nan ya fi ni gaskiya. Muka tsaya a miliyan 4 da dubu 600, masauki da abincin direbobi a kanmu.

Abin da na nace a rubuta a takarda: direba biyu, ba direba da yaron mota ba, lambar motar da ƙanin ango ya gani da idonsa ita za ta zo, ba ɗaukar fasinja ko kayan wani a hanya, a tsaya sallah inda shugaban tafiya ya ce. Na kuma sa ya duba tayoyi, da takardar inshora, da na'urar ƙayyade gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta wajabta wa motocin haya. Ƙa'idar bas a babban titi kilomita 90 ne a awa, na ce a gaya wa direbobin ba mai jiran su da gaggawa.

Rabon kuɗi ya ɗan taɓa zuciya. A al'ada kowane ɓangare shi ke kawo mutanensa, amma mota ɗaya ce. Na kawo shawarar a raba da yawan kujeru: ango 30, mu sauran. Mahaifin ango ya amince nan take, har ya ƙara da cewa yana da amini a Lokoja da zai sauki maza a gidansa, mata kuma a kama musu ɗakuna.

Litinin, 13 ga Oktoba

An biya rabin kuɗin laksari. Mutum shida za su hau jirgin sama: Baffa, kakar ango, Inna mai ciwon gwiwa, da masu kula da su. An sayi tikitin Alhamis da safe, ba na Juma'a ba. Waliyyi ba ya zuwa ranar ɗaurin aure a jirgin Najeriya, balle lokacin hazo.

Asabar, 18 ga Oktoba

Direban laksarin ya kira da kansa. Ya ce zai kawo mutane har Agege, ya ajiye motar, ba zai motsa ta ba sai ranar komawa. Bai san hanyoyin ciki ba, kuma yana tsoron ya faɗa titin da ba a bi ta hannunsa. Tsoronsa a kan hanya yake: dokar sufuri ta jihar ta 2018 ta ba da damar a ƙwace motar da aka kama tana bin hannun da ba nata ba, ga kuma layin BRT, wanda aka keɓe wa manyan bas na gwamnati, da baƙo zai shiga bai sani ba. Dama ban yi niyyar tura wannan ƙatuwar mota Lekki ba. Don haka sai an nemi na cikin gari.

Lissafin Asabar ɗin walima: 'yan Kano, 'yan Sabo, da matan unguwa da ba su da mota, kusan mutum 90. Kosta uku ke nan, da Siyana biyu na manya. Danfo, ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, ba ta cikin magana. Ba raini ba ne, kullum ita nake hawa, amma mace ta ci leshi da ɗauri ba za ka cusa ta a bencin katako ba, kuma rukunin gidaje da yawa a can ba sa barin motar haya mai ruwan ɗorawa ta shiga ƙofa.

Auta ya kawo shawarar jirgin ƙasan cikin gari, jan layi da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa Agege. Yana da sauri, amma a Oyingbo yake ƙarewa, bai haye ruwa ba, sai an sake neman mota a can, ga katin biyan kuɗin shiga, Cowry, da za a saya wa kowa. Wani kuma ya ce jirgin ruwa. Na tambaye shi wa zai saka wa Inna rigar ruwa a kan mayafi, kuma wa zai dawo da mu da dare tunda ba a yarda da tafiyar dare a ruwa ba. Ya yi shiru.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Wani ya haɗa mu da wani mutum a Ikeja, ya turo hotunan kosta fes-fes, naira dubu 150 kowace a yini. Arha sosai. An ba shi kafin alƙalami dubu 100, da alƙawarin mu ga motocin ranar Asabar.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau ran kowa ya ɓaci. Mun je da Auta inda mutumin ya kwatanta, wani fili bayan gidan mai. Ya bar mu a rana, sai can ya iso a Keke Napep, ya kai mu gaban kosta ɗaya tak. Ba ita ce ta hoton ba. Fentin ya ƙoƙe, kujerun tsakiya masu naɗewa biyu an ɗaure su da waya, na ɗaga labule sai ƙura ta tashi. Na ce a tayar a kunna sanyi. Direban ya tayar, iska mai ɗumi ta fito da warin gas, ya ce gas ɗin sanyin ne ya ƙare, za a zuba kafin ranar. Na tambayi sauran biyun. Ɗaya tana Ibadan, ɗaya "ta wani ɗan'uwa ce". Auta ya ja direban gefe da Yarbanci, shi da aka haifa a nan ya fi ni iya shi, ya dawo ya raɗa min: "Yaya, mutumin nan ba shi da ko taya ɗaya. Ɗan kamasho ne. Ranar bikin zai nemo duk wadda ta samu."

Matsalar ke nan da irin wannan ciniki. Ba lallai ya gudu da kuɗin ba, zai iya kawo motoci. Amma Asabar ce, Asabar kuwa a Legas ranar biki ce, duk mai mota mai kyau an riga an kama shi. Abin da ya rage a kasuwa da safiyar ranar shi za a turo mana, kuma idan wani ya ƙara masa dubu 20 a kanmu, shi ke nan. Na ce ya dawo da kuɗin. Ya ce ya riga ya ba masu motoci. Aka yi ta ja-in-ja har wani dattijo mai gadi a wurin, mutumin Katsina, ya sa baki. Ya mayar da dubu 70, ya ce sauran na wahalarsa ne. Auta ya so ya tsaya rigima, na ce mu tafi.

Laraba, 29 ga Oktoba

Mun sami kamfani mai garejinsa a wajen Ogba, ta hannun wata maƙwabciya da ta aurar da 'ya bara. Motocin suna tsaye a jere da sunan kamfanin a jiki. Na shiga ɗaya bayan ɗaya, na zauna a kujerar baya, inda sanyi ba ya kaiwa a yawancin kosta, na sa aka rufe ƙofa. Na ɗauki hoton lambobin ukun da na zaɓa. Naira dubu 190 kowace na awa 10, mai a ciki, duk awar da ta ƙaru dubu 15. Siyana dubu 90. Matar da ke kula da ofishin, Bayarbiya mai fara'a, ta ce, "Alhaja, ƙarfe nawa za mu fara ƙirga awa?" Tambayar ta fi kuɗin muhimmanci. Su daga fitowa gareji suke ƙirgawa, ni na ce daga isowa ƙofar gidanmu. Muka rubuta haka.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Gwajin hanya. Na zaɓi Asabar da irin lokacin da za mu tashi, na roƙi ɗaya daga cikin direbobin ya zauna gaba a motar Yaya. Daga Agege muka bi ta Ikeja, Oshodi, Oworonshoki, muka hau gadar Third Mainland. Kilomita 11.8 ce, tun 1990 da aka gama ta zamanin Babangida, kuma idan mota ɗaya ta mace a tsakiya babu inda za ka juya. Yau ta yi kyau. Muka sauka ta Osborne muka shiga Ikoyi, Yaya ya nufi gadar Lekki da Ikoyi, mai igiyoyin nan da aka buɗe a 2013. Sai direban ya ɗaga hannu.

"Oga, ku za ku bi nan. Ni ba zan bi ba."

Ashe ƙa'idar gadar ita ce motar da ba ta wuce kujera 26 ba, kosta kuwa tana kai 30. Dole su bi ta Falomo su faɗa titin Ozumba Mbadiwe, inda cunkoson yake, sannan su shiga Lekki. Muka juya muka bi hanyar da za su bi ɗin. Abin da taswirar waya ta ce minti 50 ya ci mana kusan awa biyu, ba tare da haɗari ko ruwa ba. Tsawon tafiyar duka bai fi kilomita 40 ba.

Ɗakin taron ma da nasa. Filin ajiye motoci ba zai ɗauki kosta uku da motocin baƙi ba, kuma ƙofar a kan kwana take. Mai kula da wurin ya yarda a ajiye biyu a ciki idan sun riga kowa zuwa, ta ukun ta sauke ta koma wani fili a baya, da kuɗin masu gadi dubu 5. Walima ƙarfe 2 aka rubuta a kati. Na yanke: motar farko ta bar Agege 10 da rabi, ta ƙarshe 11 da rabi, a yi azahar a can. An nuna min inda za a shimfiɗa tabarmi da famfon alwala.

Tun daga yau na daina damuwa da hanyar Kano. Ita doguwa ce kawai, direbobi sun san ta. Wannan guntuwar ita ce aikin.

Talata, 4 ga Nuwamba

Suna 71, kujeru ba su kai ba. Na rufe rajista na tura wa Baffa jerin, domin ni ba zan iya ce wa ƙanwar kakata ta zauna gida ba, shi zai iya. Ya tace, ya kira waɗanda aka cire ɗaya bayan ɗaya. Samari tara sun ce za su biyo motar haya da kuɗinsu. Madalla.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Kayan gara ba za su shiga laksari ba: buhunan shinkafa, jarkokin mai, tukwane, ga robobin alkaki da nakiya da dubulan. Idan aka haɗa su da akwatunan mata 40 motar za ta zauna a kan tayoyinta. Kawu ya samo mai babbar motar da ke kawo albasa Mile 12, zai ɗauko masu nauyin a kan dubu 85. Kayan zaƙin kuwa su biyo mutane, kar su iso da warin albasa. An sanar: akwati ɗaya, jakar hannu ɗaya.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Na naɗa wa kowace mota shugaba. Ba yara ba, mutanen da idan suka ce a rufe ƙofa ba mai musu. Laksari: ƙanin mahaifin ango, tsohon malamin makaranta, da wata gwaggonmu a ɓangaren mata. Kosta uku: matar Yaya, wata aminiyar Mama, da Auta a ta 'yan mata. Kowa da takardar sunayen mutanensa da lambar waya, da kuɗi dubu 20 a hannu saboda abin da ka iya tasowa a hanya. Wanda ya tafi a mota ta ɗaya a ita zai dawo. Matar Yaya ta ce na mai da biki makarantar kwana. Na ce ta bari sai ta tsaya a Lekki ƙarfe 9 na dare tana neman yaron wani.

Na sayi kwali kala uku na manna wa gilashin gaba: kore, ja, shuɗi. Tsohuwa ba za ta riƙe lambar mota ba, amma za ta riƙe kala.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Kayan gara sun iso, Auta ya kwaso. An biya cikon kuɗin kosta.

Laraba, 19 ga Nuwamba

An ce 6, sun tashi 7 da kwata. An ɗauki 'yan Zariya a Kwangila. Aikin titi ya riƙe su tsakanin Kaduna da Abuja. Sun haɗa azahar da la'asar a hanya, suka shiga Lokoja bayan magariba. Malam ya turo saƙo: kowa lafiya, sai yaro ɗaya da ya yi amai. Mutum 54 ya ƙirga, har da biyu da ba su cikin takarda.

Alhamis, 20 ga Nuwamba

Ranar da waya ba ta bar kunnena ba. Hazo ya sauka a Kano, jirgin safe bai tashi ba. Aka ce 11, aka ce 2. Inna ta kira tana cewa a mayar da ita gida. Tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya da rabi ba a sama, sai bayan la'asar suka tashi. Siyana kuwa tun safe tana jira a Ikeja, awanni suna tafiya. Ga wani abu da baƙi ba su sani ba: tashar jiragen cikin gida biyu ce a filin jirgin Murtala Muhammed, MMA2 da tsohuwar da ake kira GAT, kowane kamfani da inda yake sauka. Direban ya tsaya a ɗaya, su Baffa suka fito ta ɗayar. Baffa ba ya ɗaga lambar da bai sani ba. Sai da na kira jikarsa na haɗa su a layi ɗaya.

Laksari kuma ta bar Lokoja da asuba, taya ta fashe bayan Owo. Allah ya kiyaye, ta baya ce, kuma ba gudu suke ba. Canjin ya ci awa guda da wani abu. Wannan awar ce ta jefa su cikin cunkoson yamma: daga Mowe zuwa doguwar gada zuwa Kara da Berger suka yi ta rarrafe. Na tura Auta ya tare su a Berger ya shiga gaba ya nuna wa direba hanya, kar ya yi ta tambayar 'yan tasha da dare. Sun iso 9 saura. Gwaggo ta sauko tana dafa ƙugu, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wannan gari naku ƙarshen duniya ne?" Aka kawo tuwo da miyar kuka, magana ta mutu.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

An ɗaura, Allah ya sa albarka. Ba a buƙaci mota ba sai Siyana ɗaya ta tsofaffi, masallacin da ƙafa ake zuwa. 'Yan Sabo sun sauka a jirgin safe.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Motocin sun iso 10 saura, lambobin da na ɗauka hoto, sanyi yana aiki. Kore ta tashi 10 da rabi daidai da tsofaffi da maza, aminiyar Mama ba ta saurari kowa ba. Ja ta bi bayanta da jinkirin kwata. Shuɗiya ce ta ba da aiki. Mai kwalliya ɗaya, 'yan mata goma sha, kowa na jiran a ɗaura mata ɗankwali. 11 da rabi ta wuce, 12 ta wuce. Auta yana ta leƙe, ba ya iya shiga ɗakin mata. Na shiga da kaina na ce mai kwalliyar ta kwashe kayanta ta shiga mota, a ƙarasa a can. Aka yi ta ƙunƙuni, wata ƙawar amarya har da hawaye. Sun tashi 12 da minti 20.

Bambancin ya fito fili. Kore ta isa 12 da 'yan mintuna, suka yi sallah a natse suka zauna. Shuɗiya ta tarar da tirela ta mace wajen Oworonshoki, sannan Ozumba ta cika, ba su shiga ba sai 3 ta gota, an riga an shigo da amarya ba ƙawaye a bayanta. Hanya ɗaya, mota iri ɗaya.

Dawowa ta zo da sauƙi saboda kwalayen nan. Kowace shugaba ta tsaya a ƙofa da takardarta tana kira. A ja aka rasa yaro ɗan shekara bakwai, aka same shi yana barci a ƙarƙashin teburin abinci. Matar Yaya ba ta ce min komai ba, ni ma ban ce ba. Mun shiga Agege 10 da rabi. Awanni sun zarce: biyu-biyu a kore da ja, uku a shuɗiya.

Lahadi, 23 ga Nuwamba

Kai amarya. Kosta ɗaya da Siyana biyu, mutum 30 da aka zaɓa, don gidan ɗaki biyu ne da falo. Lahadi da hantsi hanya a buɗe take har Ajah. Na hana a kai dare kamar yadda aka saba a gida, aka tafi bayan azahar aka dawo kafin isha.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Laksari ta tashi bayan asuba. Mutum 51, uku sun ce za su ƙara kwana su shiga kasuwar Balogun. Na gaya musu komawarsu a aljihunsu take.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Sun isa Kano Talata da yamma lafiya, su Baffa kuma jiya. Na zauna lissafi. Laksari miliyan 4 da dubu 600, namu kason ya kama miliyan 2 da 'yan kai. Kosta huɗu, uku na Asabar ɗaya ta Lahadi, dubu 760. Siyana duka dubu 540. Ɗakunan Lokoja zuwa da dawowa dubu 320, an raba biyu. Kayan gara dubu 85, dubu 30 da suka maƙale a hannun ɗan kamasho, da ɗan abin da aka ba direbobi na goro. Tikitin jirgi 'ya'yansu ne suka biya, ba ya cikin nawa.

Kamfanin kosta sun turo takardar ƙarin awanni, sun rubuta tara. A takardata bakwai ne, don na rubuta lokacin isowa da na sauka a gaban direbobin, suka sa hannu. Na tura wa matar ofishin hoton, ta ce za ta duba da manaja. Dubu 105 na ware, ba zan ƙara ba.

Akwai kula biyu na Gwaggo da akwatin wata daga dangin ango da aka manta a ɗakin baƙi. Auta zai kai su tashar mota ta Agege gobe a ba direban Kano, a turo min lambarsa in tura wa masu kayan.